Yadda ake gina gidan tsattsewa mai sheƙar ci da kuɗi kaɗan

A garin Sampit da ke ɓangaren Indunusiya na tsibirin Borniyo, da Sitiawan a jihar Perak ta Maleshiya, da Pak Phanang a kudancin Tailan, akwai dogayen benaye marasa taga waɗanda ba mutum ko ɗaya da ke kwana a ciki. Tsuntsaye aka gina wa. Wata irin tsattsewa ce ƙarama, baƙa-baƙa, da ke yin sheƙarta da yawun bakinta zalla. Idan yawun ya bushe sai ya zama farar sheƙa mai siffar rabin kofi, wadda mutanen Sin suka daɗe suna dafawa a matsayin abincin alfarma. Sheƙa ɗaya ba ta cika wuce giram 5 zuwa 10 ba, amma kilo guda yakan kai ɗaruruwa har dubban daloli, gwargwadon kyanta da yanayin kasuwa. Indunusiya ce ta fi kowace ƙasa samar da ita, Maleshiya na bi mata, sai Tailan da Biyetnam.

A da, cikin kogo ake hawa da igiya da gora a ɓamɓaro ta, kamar yadda har yanzu ake yi a kogon Gomantong na Sabah da na Niah a Sarawak, jihohin Maleshiya biyu da ke tsibirin Borniyo. Mutanen gabashin tsibirin Jawa na Indunusiya ne suka fara lura cewa tsuntsun na shiga tsofaffin gidajen da aka bari ba kowa, daga nan aka koma gina masa nasa.

Kada wanda ke Kano ko Maraɗi ya karanta wannan ya je ya sayi bulo. Tsuntsun da ake magana, wanda masana ke kira Aerodramus fuciphagus, ba ya rayuwa a Afirka ta Yamma. Tsattsewar da ke shawagi a zaurukanmu da ƙarƙashin gadoji da laka ko ciyawa da gashi take gini, ba mai sayen sheƙarta. Wannan bayani na wanda ke zaune a waɗancan ƙasashe ne, ko yake shirin haɗa jari da mutumin can, ko yake son sanin yadda abin yake. Ga mai tambayar halacci kuwa, majalisar malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2012 cewa sheƙar halal ce, da sharaɗin a wanke ta idan ta gauraya da kashin tsuntsun.

Sauƙin kuɗi a wannan sana'a daga ƙanƙantar gini da arahar bango yake zuwa. Akwai wuraren da za ka matse hannu ka ci riba, akwai kuma uku da in ka matse ka yi asarar duka: zaɓen wuri, katakon sheƙa, da sanyin cikin ɗaki.

Mataki na farko: gwada wurin kafin ka haƙa rami

Ba a sayen wannan tsuntsu, ba a ɗaure shi, ba a ba shi abinci. Da asuba yake fita, ya wuni yana cafke ƙananan ƙwari a sama, ya dawo da magariba. Kai mai gidan haya ne kawai, in ɗan haya bai ga dama ba ba zai shigo ba. Gidaje da yawa a waɗancan ƙasashe sun shekara da shekaru babu ko sheƙa goma, galibi kuma laifin wurin ne.

Nemi fili kusa da inda ƙwari ke yawa: gonakin shinkafa, fadama, bakin kogi, gonakin kwakwar manja, dajin bakin teku. Ƙasa mai kwari ta fi tudu. Sama da mita 1,000 daga matakin teku sanyi ya yi masa yawa. Sannan ka ɗauki ƙaramar lasifika da batir da muryar tsuntsun da aka naɗa, ka je filin da sassafe ko tsakanin la'asar da magariba. Ɗaga lasifikar a kan sanda, ka kunna, ka zauna rabin sa'a zuwa sa'a guda. Idan wurin na da rabo za ka ga tsuntsaye sun sauko suna kewaya sandar, wasu har suna kai mata bara. Ƙirga su, ka rubuta ta wace fuska suka zo, ta ina suka koma. Ka maimaita a ranaku daban-daban, da rani da damina in hali ya yi, domin gwajin yini ɗaya yaudara ne.

A kula da wani ɗan'uwansa da Indunusiyawa ke kira seriti. Ya fi ƙanƙanta, cikinsa fari ne, bayansa na sheƙi, kuma sheƙarsa ciyawa ce da ɗan yawu. Shi ma yakan zo wa lasifika. In shi ka ƙirga, ka ƙirga banza.

Mutane na rububin gini a tsakiyar garin da ya riga ya cika da gidajen tsuntsu, wai can albarkar take. Ni ban ga hikimar haka ga mai ƙaramin ƙarfi ba. Tsohon tsuntsu ba ya barin inda ya saba. 'Ya'yan da suka tashi ne ke neman sabon masauki, kuma a tsakiyar gari gidaje ɗari ne ke kiransu lokaci guda. Fili a can ga tsada. Gara ka samu wuri a kan hanyar da suke bi tsakanin garin da wurin kiwonsu, inda filin ke da araha kuma muryarka ce kaɗai a sama.

Mataki na biyu: takarda da maƙwabta

Wannan ba ya cin lokaci idan aka yi shi da wuri. A Sarawak dokar kare namun daji ta 1998 ta wajabta lasisi. A Maleshiya hukumar kula da lafiyar dabbobi ce ke rajistar gidajen, ƙaramar hukuma kuma ta ba da izinin gini. Birnin George Town na jihar Penang a Maleshiya, bayan ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, ya kori gidajen tsuntsu daga tsohon gari, masu su suka kwashi asara. Ƙarar lasifika da kashin tsuntsu su ne ke haɗa mutum faɗa da maƙwabta, don haka nisanta da gidajen jama'a, masallaci da makaranta.

Mataki na uku: girman gini da kayan bango

Fara da ƙarami. Faɗin mita 4, tsawon mita 6, hawa biyu ko uku ya isa mai farawa. Kowane hawa ya kai tsayin mita 2.5 ko kusa da haka. In ya gaza mita 2 zafi zai taru, tsuntsu kuma ba zai sami sararin juyi ba. Abin da za ka yi wa gaba shi ne tushe: ka zuba shi da ƙarfin da zai ɗauki ƙarin hawa, ka bar fili a gefe ɗaya don faɗaɗawa ranar da tsuntsaye suka cika.

Ba dole ne a yi ginin kankare tun daga ƙasa har sama ba. A ƙauyuka da yawa na Kalimantan, wato ɓangaren Indunusiya na Borniyo, ginshiƙan katako mai ƙarfi ake kafawa, a rufe waje da kwano ko allon siminti, a jera farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin a tsakiya, sannan a rufe ciki da wani allon. Soson shi ke tare zafin rana. Mai ɗan hali yakan yi hawan ƙasa da bulo, na sama da ƙarfe mara nauyi da allo. Akwai kuma farin bulo mara nauyi da ake kira hebel, wanda ke tare zafi fiye da bulon siminti, kuma ba ya danne tushe. Wanda yake da shago mai bene ko rumbun da ba a amfani da shi, in doka ta yarda, toshe tagogi ya gyara ciki ya fi komai araha.

Rufi ne ke shigo da mafi yawan zafi. Bar tazara tsakanin kwano da silin, ka sa soso ko takardar alminiyam a tsakani, ka buɗe ƙananan kafofi a gefe don iska mai zafi ta fice. Shafa wa bangon waje farin fenti, musamman na yamma. Ciki kuwa kada fenti mai wari ya taɓa shi.

Mataki na huɗu: hanyar shiga da tsarin ɗakuna

A saman ginin ake ɗora wani ɗan ɗaki kamar hasumiya, a jikinsa ake huda ƙofar tsuntsu. Ga ƙaramin gida, ƙofa mai faɗin santimita 60 zuwa 80 da tsayin 40 zuwa 60 ta wadatar. Ta fuskanci inda ka ga tsuntsaye na dawowa da yamma lokacin gwaji, kuma kada bishiya ko wayar lantarki ta tare gabanta. Wasu kan buɗe ta da girma a farko don jawo baƙi, in gida ya kama sai su rage.

Daga hasumiyar tsuntsu zai faɗa wani rami da ya ratsa dukkan hawa daga sama zuwa ƙasa. Kada kowane gefe na ramin ya gaza mita 1, in da sarari a ƙara. Kusa da shi a bar fili inda zai yi kewaye, sannan a yi shinge da allo a raba wannan fili da ɗakin sheƙa, a bar ƙofa a jikin shingen. Aikin shingen shi ne karya haske da iska. Ɗakin sheƙa ya yi duhun da in ka shiga da rana da ƙyar za ka ga tafin hannunka. Duhun ba ya damun tsuntsun, domin yana fitar da wata ƙara ƙyas-ƙyas da kunnen mutum ke ji, amsa-kuwwarta ce ke nuna masa hanya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne lanƙwasa hanya da yawa. Tsuntsu ne mai gudu, ba ya sauka a ƙasa, ba ya zama a reshe. Ƙafafunsa na maƙalewa a bango ne kawai. Idan sai ya yi lanƙwasa uku masu tsanani kafin ya kai ɗaki, zai leƙo ya juya. Tsaya a hasumiya ka bi hanyar da ido: in za ka iya zana ta da lanƙwasa ɗaya mai laushi, ta yi.

Ƙofar mutum guda ɗaya tak, a hawan ƙasa, ta ƙarfe.

Mataki na biyar: katakon sheƙa

Nan ne araha ba ta ado. A jikin silin ake kafa alluna a tsaye, suna rataye ƙasa, a jikinsu tsuntsu ke manna sheƙa. Katakon da aka fi yarda da shi shi ne meranti, saboda ba shi da wari kuma yana riƙe yawu. Kauri santimita 2, faɗi 15 zuwa 20, tazara tsakanin allo da allo kamar santimita 30. Duk katakon da ke da ƙamshi ko ƙaro, ko wanda aka jiƙa da maganin gara, a bar shi a kasuwa. Ya kuma bushe sarai. Ɗanyen katako a ɗaki mai laima fumfuna zai yi cikin 'yan watanni, tsuntsu kuwa ba ya manna sheƙa a kan fumfuna.

Ga lissafin da za ka kai wa mai katako. In ɗakin sheƙa mita 4 ne a kan mita 4, layi 13 za ka samu, kowanne mita 4, wato mita 52 ke nan, ban da wanda zai zagaye bango. Hawa uku ya haura mita 150. Idan kuɗin bai kai ba, gara ka kammala hawa ɗaya da katako mai kyau ka rufe sauran, da ka cika uku da tarkace.

Ka ce wa kafinta kada ya goge fuskar allon ta yi santsi. A ja mata siraran layuka a kwance da zarto, zurfin milimita 1 ko 2, don farcen tsuntsu ya sami abin kamawa. Allon ya manne da silin ƙam, ba kafar da iska ko kyankyaso zai bi. A jera su a gicciye da inda haske ke shigowa, yadda bayan kowane allo zai zama inuwa.

Sai maganar lungu. Tsuntsun na son kusurwa, a nan yakan fara gini. Amma sheƙar kusurwa mai gefe uku ce, farashinta bai kai na mai siffar kofi ba. Masu gidan da ya cika kan toshe kusurwoyi da guntun katako. Sabon gida bai kai wannan matsayi ba. Bar musu lungunansu su zauna tukuna, daga baya a yi maganar siffa. Wasu ma kan kafa 'yan sheƙun roba a jikin allo don ƙarfafa wa sababbin zuwa gwiwa, a cire bayan sun yi ƙyanƙyasar farko.

Mataki na shida: sanyi da laima

Abin da ake nema shi ne yanayin kogo: zafi tsakanin digiri 26 da 29, laima kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. In iska ta bushe, sheƙa takan tsage ta ɓalle daga allo, wani lokaci da ƙwai a ciki. In laima ta wuce kima, katako ya yi fumfuna, sheƙa ta yi laushi ta sauya launi.

Sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima na dijital, ka rataya a kowane hawa kusa da alluna, ba a ƙasa ba. Huda bango ka sa bututun roba mai inci 4, kamar mita 1 tsakanin kowanne, ƙasa da layin alluna sosai. Kowane bututu a sa masa gwiwa mai kallon ƙasa don haske kada ya shigo, a ɗaure bakinsa da raga. In ma'auni ya nuna laima ta yi ƙasa, toshe wasu; in ta yi yawa, buɗe.

Hanyar samar da laima mafi araha ita ce ruwa a buɗe: ƙaramin kwarmi na siminti a hawan ƙasa, da robobi ko tukwanen ƙasa a hawan sama. A rufe su da raga, saboda ɗan tsuntsun da ya faɗo kada ya nutse, a kuma riƙa sauya ruwan don sauro. Injin feshin raɓa sai in waɗannan sun gaza, kuma a haɗa shi da na'urar da ke kashe shi da kanta, bakinsa nesa da katako.

Sabon siminti na da warin da tsuntsu ba ya so. Wanke bango da daɓe sau da yawa, ka bar ginin ya sha iska. Al'adar masu sana'ar ce su samo busasshen kashin tsuntsun daga wani gida su barbaɗa a ƙasa, ko su jiƙa shi su shafa ruwan a ƙasan bango, don wurin ya yi warin gidan da ake zaune. A bango kawai, ban da katako.

Mataki na bakwai: murya

Murya iri biyu ce, wasu su ce uku. Ta kira tana waje, a bakin ƙofa da kan hasumiya, tana janyo na sama. Ta ja tana bin ramin da ƙofofin ciki, kowace lasifika na fuskantar inda tsuntsu zai fito, tana miƙa shi ga ta gaba. Ta kwana kuwa muryar 'ya'ya da iyaye ce a hankali, daga ƙananan lasifikoki da aka kafa a jikin alluna, tana aiki dare da rana. Sau da yawa sheƙar farko dab da irin wannan lasifika ake samunta, shi ya sa ake yawaita su a lungunan da suka fi duhu.

Ƙananan lasifikokin ba su da tsada. Abin da ke bukatar kuɗi shi ne amfilifaya mai jure aiki ba hutu, da agogon da zai kunna muryar waje da asuba ya kashe ta bayan magariba. Barinta da dare ba ya ƙara tsuntsu ko ɗaya, mujiya kawai yake kira, ya kuma tada maƙwabta. Kada a ƙure ƙara har ta fashe. Murya mai tsabta a matsakaicin ƙarfi ta fi. Inda wuta ba ta tsayawa, faifan sola ɗaya da batir sun isa, domin kayan ba sa jan wuta sosai. Na'urorin su zauna a wani ɗan ɗaki daga waje ko bakin ƙofa, yadda za ka duba su ba tare da ka shiga wurin tsuntsaye ba.

Mataki na takwas: maƙiya

Mujiya ce babba. Takan zauna a bakin ƙofa da magariba ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, kuma gidan da ta saba da shi watsewa yake. Ana kafa ƙusoshi ko ƙaya ta ƙarfe a leɓen ƙofar, a sa fitila mai haska waje, wasu kuma su yi murfin da ake rufewa bayan tsuntsaye sun gama shiga a buɗe kafin asuba. In ka zaɓi murfi, to kada ka makara ko sau ɗaya.

Ɓera, maciji da wata babbar tsaka mai cin ƙwai ta bango da reshe suke hawa. Sare duk reshen da ya kusanci ginin, ka zagaye bango da ƙofar tsuntsu da falle mai santsi na alminiyam. Kyankyaso na cin sheƙa, tururuwa na kashe 'ya'ya. A sa musu maganin da ake ajiyewa a ƙasa, ba na feshi ba. Jemage in ya shiga a kore shi tun bai tara 'yan'uwa ba. Ɓarawo kuma sai gida ya fara kawo kuɗi yake zuwa, ya kwashe har da masu ƙwai. Wannan ne dalilin da ya sa ko bangon sama na allo ne, na ƙasa ya kamata ya zama mai ƙarfi.

Mataki na tara: jira, sannan girbi

Bayan ka kunna murya, rage shiga. Sau ɗaya a mako biyu ko a wata ya isa, tsakanin hantsi da azahar lokacin da suka fita kiwo. Riƙe tocila ka duba ƙasa: ɗigon kashi baƙi da fari a ƙarƙashin allo shi ne shaidar cewa wani ya kwana. Bayan haka za ka ga siririn layin yawu mai ƙyalli a jikin katako, harsashin sheƙa ke nan.

Ginin sheƙa na ɗaukar wata guda zuwa kwana 45. Macen na yin ƙwai 2, kwanci ya ɗauki sama da mako uku, 'ya'yan kuma su yi kusan kwana 45 kafin su tashi. A shekara ma'aurata kan yi haka har sau uku. Kilo ɗaya na bukatar sheƙa sama da 100. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa kuɗin da za a zuba a ginin nan ya zama wanda za a iya mantawa da shi shekara biyu ko uku. Bashi mai wa'adi bai dace da shi ba.

Girbi iri uku ne. Akwai cire sheƙa kafin a yi ƙwai, wadda ta fi fari da tsabta. Akwai zubar da ƙwai a ɗauke sheƙa. Akwai kuma jira sai 'ya'ya sun tashi. Ga sabon gida na ukun ne kaɗai hanya, ko da yake sheƙar ta fi datti kuma kuɗinta bai kai ba, domin 'ya'yan da suka tashi a gidanka su ne za su dawo su cika shi. A shekarar farko ma mafi alheri kada a taɓa komai.

Ranar girbi, ɗaura ƙaramin madubi a kan sanda ka leƙa kowace sheƙa, ka tabbata babu ƙwai babu ɗa. Fesa ɗan ruwa a inda ta manne da katako, ka jira kaɗan ta yi laushi, sannan ka zura faffaɗan ƙarfen da masu fenti ke kankare bango da shi, ka ɓamɓare a hankali, ɗaya hannun na tare da ita. Wadda ta fito da ƙafafunta biyu cikakku, wato gefunan da suka manne da katako, ta fi wadda ta karye daraja nesa ba kusa ba. Kada a kwashe layi gaba ɗaya, a bar wasu. A shanya a inuwa, a ajiye a busasshen wuri.

Share kashin ƙasa a kai a kai da zarar gida ya kama. Tururin da ke tashi daga tarin kashi shi ke rina sheƙa ya ƙara mata sinadarin nitirayit, wanda saboda shi ne Sin ta dakatar da shigo da sheƙa daga Maleshiya a 2011, farashi ya faɗi warwas. Ƙa'idar da Sin ta sa ita ce kada ya wuce miligiram 30 a kilo, kuma dole a iya bin sawun kowace sheƙa zuwa gidan da aka yi wa rajista. Mai ƙaramin gida ba ya fitar da kaya da kansa. Dillali ko masana'antar wanki yake sayar wa, su tsince gashin da hantsaki, su tura. Gida mai rajista ya fi samun farashi a wurinsu. A Indunusiya kuma ƙananan hukumomi na karɓar harajin sheƙa da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, sai a sa shi cikin lissafi tun daga farko.